Sunan Wa Ke Cikin Littafin Awo? Muhawara Kan Mata da Shugabanci a Harkar Gahawa

A tsaunukan Ruwenzori da ke yammacin Yuganda, cikin gundumar Kasese, an yi wani zamani da gahawar yankin ba ta da daraja a idon masu saye. Ƙasar mai albarka ce, ruwa ya wadata, irin da ake shukawa kuma Arabika ne, wanda kasuwar duniya ta fi so. Sai da ƙungiyar manoma ta Bukonzo Joint ta zaunar da magidanta da matansu ana tattaunawa, kafin a gano inda gizo ke saƙar. Miji ya san idan ya bari 'ya'yan suka nuna a kan bishiya, matarsa na iya ɗiba a ɓoye ta sayar don cefane ko kuɗin makarantar yara. Ita kuma ta san idan ta jira, shi zai kwashe ya kai kasuwa, ba lalle ta ga ko sisi ba, wani lokaci ma a mashaya kuɗin za su ƙare. Sai kowa ya shiga rige-rigen tsinke ta tun tana ɗanya, a sayar wa 'yan baranda a wulaƙance. Gida ɗaya, gona ɗaya, amma kowa na tsaron ɗan'uwansa kamar ɓarawo.

Da wannan labarin nake auna duk wata magana da ake yi kan bai wa mata matsayi da shugabanci a harkar gahawa, wadda wasu ke kira kofi. Maganar ta yi ƙarfi a shekaru ashirin da suka wuce, kuma ta raba kan mutanen da dukkansu ke son manomi da alheri.

Sai an san aikin kafin a gane rigimar. Gahawa bishiya ce, tana ɗaukar shekara uku zuwa huɗu kafin ta fara 'ya'ya. 'Ya'yan ba sa nuna lokaci guda, don haka da hannu ake bi ana tsinke jajayen a bar ɗanyun, a sake dawowa bayan kwanaki. A ranar da aka tsinka ake ɓare ɓawon, a jiƙa, a wanke, a shanya a kan gadaje ana juyawa har mako biyu ko fiye. Daga nan sai tsinta: a zauna a fitar da ƙwayar da ƙwaro ya ci, da baƙa, da fasasshiya, ɗaya bayan ɗaya. Ƙwaya kaɗan marasa kyau na iya sauke darajar buhu guda. A Habasha da Kenya da Ruwanda da Burundi, tsinka da shanya da tsinta galibi hannun mata ne. Ɗaukar kaya zuwa ma'auni, karɓar rasit, zaman taro da karɓar kuɗi kuwa galibi na maza ne. Hukumar Gahawa ta Duniya da ke Landan ta ce, a rahotonta na 2018, a wasu yankuna aikin mata na kai wa kashi 70 cikin ɗari na ƙwadagon noman, alhali gonakin da mata ke riƙe da ragamarsu ba su wuce kashi 20 zuwa 30 ba.

Masu goyon baya daga nan suke farawa, kuma hujjarsu ta fi ƙarfi idan aka duba yadda ƙungiyoyin gama kai ke aiki. A Kenya, ƙaramin manomi ta ƙungiya yake sayar da gahawarsa. Ɗan ƙungiya shi ne wanda ke da bishiyoyi, mai bishiyoyi kuwa shi ne mai ƙasa, mai ƙasa kuma kusan kullum maigida ne. Lamba ɗaya ake ba gida. Matar na iya ɗauko kaya a ka ta kai ma'auni, amma da lambar mijinta za a rubuta, kuma asusunsa kuɗin za su faɗa bayan watanni. Wannan lambar ce ke buɗe sauran ƙofofi. Da ita ake ba da bashin taki, ita malamin gona ke dubawa idan zai kira horaswa, da ita ake jefa ƙuri'a, da ita ake tsayawa takara. Ke nan wadda ke tsinka ba ita ake koya wa yadda ake tsinka ba. Masu wannan ra'ayi na cewa ko an ajiye maganar adalci a gefe, wannan asara ce ga sana'ar kanta, domin wanda ba ya cin ribar inganci ba shi da dalilin wahalar da kansa a kan inganci.

Suna da misalai masu kama hankali. Bayan kisan kiyashin 1994 a Ruwanda, gonaki da yawa sun koma hannun zawarawa da matan da mazajensu ke kurkuku. Dokar gado ta 1999 ta bai wa 'ya mace damar gadon ƙasa daidai da ɗa namiji, daga baya aka yi wa filayen ƙasar rajista, da yawa da sunan miji da mata tare. A cikin waɗannan shekaru ne gahawar Ruwanda ta tashi daga kayan gama-gari ta shiga sahun masu tsada. Ƙungiyar Abahuzamugambi ta Maraba, wadda ta fara jawo hankalin masu saye daga Ingila da Amurka, zawarawa na da yawa a cikinta. Epiphanie Mukashyaka, wadda ta rasa mijinta a kisan, ta kafa kamfanin Buf ta gina wuraren wanke gahawa a Nyamagabe, manoma dubbai suna kai mata kaya. A arewacin Peru kuma, a 2004, mata 464 suka ware gahawarsu suka sa mata suna Café Femenino, bisa sharaɗin cewa gonar ta kasance da sunan macen, kuma ƙarin kuɗin da aka biya ya shiga hannunta kai tsaye.

A can saman sana'ar ma haka labarin yake. Erna Knutsen ta yi aikin sakatariya a wani kamfanin dillancin gahawa a San Francisco, mazan wurin suka hana ta shiga ɗakin ɗanɗano. Ita ce a 1974 ta raɗa wa gahawa mai daraja ta musamman sunan da duk duniya ke kiranta da shi yau, kasuwar da ƙananan manoman Afirka ke sa rai da ita. Hukumar Gahawa ta Duniya kuwa an kafa ta a 1963, amma sai a 2022 mace ta fara shugabantarta, Vanúsia Nogueira 'yar Barazil. Kusan shekara sittin.

Masu adawa ba taron jahilai ba ne, kuma kuskure ne a ɗauke su haka. Mafi nauyin hujjarsu ita ce farashi. Tun da yarjejeniyar ƙayyade fitar da gahawa ta rushe a 1989, manomi ya zama ganye a bakin iska. A 2001 farashi ya faɗi ƙasa da santi 50 kowace laba. A 2019 ya sake sauka ƙasa da dala ɗaya, kuɗin da bai biya wa manoma da yawa abin da suka kashe ba. Ribar gaske tana can wajen masu soyawa da masu shagunan sha a Turai da Amurka. Sai su ce: idan tuwon bai kai ya ƙosar da gida ba, gardama kan wa zai riƙe mara ɓata lokaci ne, talauci kawai za a raba biyu. Suna ƙarawa da cewa manyan kamfanoni sun fi son maganar mata a kan maganar farashi saboda ta fi araha. Buga hoton manomiya tana murmushi a jikin leda ba ya cin komai, ƙara farashi kuwa yana taɓa riba. Ko ƙarin da Café Femenino ta fara da shi santi biyu ne a kan laba. Buhu mai kilo 60 laba 132 ne, wato ƙarin bai kai dala uku a buhu ba.

Wannan zargi na kamfanoni gaskiya ne, kuma yana ci mini rai duk lokacin da na ga an mai da wahalar mace abin talla. Amma hujjar farashi ba ta kai inda masu ita ke zato ba. A watan Fabrairun 2025 farashin Arabika a kasuwar New York ya haura dala huɗu kowace laba, abin da ba a taɓa gani ba. A gidan da lambar ƙungiya ke hannun mutum ɗaya, ta wace hanya wannan ƙarin ya bi? Ta hanyar da ƙaramin kuɗin ke bi, ita babban ya bi. A Ruwenzori ma ba ƙarancin farashi ne ya haddasa tsinkar ɗanya ba. Da farashin ya ninka, rige-rigen ne zai ninka. Sannan santi biyun nan, duk ƙanƙantarsa, ba shi ne ainihin abin da matan Peru suka samu ba. Abin da suka samu shi ne takardar gona, wadda ba ta ƙarewa da ƙarewar kaka. Akwai kuma kuɗin da ba ya shiga aljihun kowa. A tsarin cinikin adalci na Fairtrade ana biyan ƙungiya ƙarin santi 20 a kan kowace laba, kuma babban taron 'yan ƙungiya ne ke yanke abin da za a yi da shi. Ko a gyara hanyar mota, ko a haƙa rijiya kusa da gari, ko a gina ɗakin haihuwa. Wadda ke tafiyar awa guda neman ruwa da asuba tana da ra'ayi a kan wannan, amma ba ta da ƙuri'a.

Inda na fi ba masu adawa gaskiya shi ne wajen alƙaluma. Rahoton Hukumar Gahawa ta Duniya ya ce aikin mata "na kai wa" kashi 70 a wasu wurare, amma kafin maganar ta zaga tarurruka uku ta koma "mata ne ke yin kashi 70 na aikin gahawa a duniya". Masana irin su Cheryl Doss sun daɗe suna gargaɗi kan irin waɗannan lambobi da ake ta maimaitawa ba tare da tushe ba. Wani bincike da masanan Bankin Duniya suka fitar a 2017 kan ƙasashen Afirka shida ya gano cewa kason mata a ƙwadagon noman amfanin gona gaba ɗaya kusan kashi 40 ne: 56 a Yuganda, 37 a Nijeriya, 29 a Habasha, 24 a Nijar. Ba gahawa kaɗai aka auna ba, amma darasin a fili yake, ƙasa da ƙasa sun bambanta, har gari da gari. Wanda ya ƙara wa gaskiya gishiri ya ba abokin gardamarsa sanda. Kuma ba a bukatar ƙarin. Ko kashi 30 na aikin mace ke yi, ba daidai ba ne a ce ba ta da ko kashi ɗaya na magana.

Sai batun kujera. Ƙungiyoyi da yawa yanzu sun ware wa mata kaso a kwamitin gudanarwa, sau da yawa don mai saye ko mai ba da tallafi ya nemi haka. Masu suka na cewa abin da ke biyo baya sananne ne. A ɗauko matar shugaba ko ƙanwarsa a cike gurbi, ta zauna a taro ba ta ce uffan ba, a ɗauki hoto a aika Turai. Wadda ta cancanta kuwa ba ta da lokaci, domin ta tashi tun kafin alfijir, ta yi ruwa, ta yi itace, ta yi girki, ta yi gona, yanzu kuma a ce ta taka kilomita da yawa zuwa taron da ba a biyan ko kuɗin mota. An ƙara mata kaya ne da sunan girmamawa. Kuma doka a takarda ba ta isa ba. Kundin tsarin mulkin Kenya na 2010 ya ce kada jinsi ɗaya ya wuce kashi biyu cikin uku na kujerun zaɓe, amma shekara goma bayan haka majalisar ƙasar ba ta cika sharaɗin ba, har Alƙalin Alƙalai David Maraga ya shawarci shugaban ƙasa a 2020 da ya rushe ta. Idan majalisar ƙasa ta gagara, ina ga ƙungiyar ƙauye?

Na yarda da rabin wannan. Kujerar da ba ta da bishiya a bayanta kwalliya ce. Macen da ba ta da lamba, ba ta da kaya a ma'auni, ba ta da abin da za ta yi asara idan ma'aji ya ci kuɗi, da wane ƙarfi za ta tashi ta tuhume shi? Amma wannan hujja ce ta a fara daga tushe, ba ta a fasa ba. Kuma ko kujerar kwalliya takan yi wani amfani da ba a shirya ba: yarinyar da ta taso tana ganin innarta a teburin shugabanni ba za ta ɗauki wurin a matsayin haramtacce ba.

Hujja ta ƙarshe ita ce wadda ba a cika faɗa a zauren taro ba, amma ita ce a zuciyar magidanta da yawa: baƙi sun zo su shiga tsakanin miji da mata. Gona ta gida ce, in ji su, kuɗinta na gida ne, maigida kuma shi ke ɗauke da nauyin ci da sha da sutura, don me za a raba asusu? Ba na raina wannan tsoro, domin shirin da aka yi da gaggawa yakan bar mace cikin haɗari. Kuɗi na iya shiga wayarta da rana, da dare a karɓe da faɗa. Akwai kuma abin da tarihi ya nuna: idan sana'ar mata ta fara kawo kuɗi, maza kan karɓe ta. A Gambiya shinkafar fadama aikin mata ce tun kaka da kakanni, amma da aka kawo aikin ban ruwa na Jahaly-Pacharr a 1984, duk da an yi niyyar rubuta filayen da sunan mata, iko da amfanin ya koma hannun magidanta, aikin kuma ya ƙaru a kan matan. Haka nan maganar a rubuta sunan miji da mata a takarda ɗaya tana da sauƙi a gidan mace ɗaya. Habasha ta fara ba da takardun gona a Tigray a 1998 da sunan mai gida kaɗai, daga baya wasu jihohi suka koma rubuta sunayen ma'aurata biyu. Da aka iso Oromiya da kudancin ƙasar, inda gahawar take kuma inda ake auren mace fiye da ɗaya, sai tambaya ta taso: uwargida za a rubuta, ko amarya, ko kowa da tata?

Sai dai mai karatun Hausa ya san cewa raba asusu ba raba aure ba ne. Mun san gandu, mun san gayauna. Ana aikin gandu tare don rumbun gida, amma abin da mutum ya noma a gayaunarsa nasa ne, ba mai tambayarsa. Mun san matar da ke ƙuli-ƙuli ko saƙa a cikin gida, kuɗinta nata ne, har maigida ya ranta ya biya. Shari'ar Musulunci ta tabbatar wa mace dukiyarta da gadonta, aure bai mai da su na miji ba. Ba a ce wannan ya rushe gidajenmu ba, sau da yawa ma shi ke rufa asirin gida ranar da aljihun maigida ya bushe. Abin da ya sa gahawa ta fi wuya shi ne ita bishiya ce. Gyaɗa wata huɗu ce, a cire a ba da fili. Bishiyar gahawa kuwa tana shekara talatin ko fiye a tsaye, kuma a al'adun wurare da yawa wanda ya dasa bishiya ya kafa hujjar mallakar ƙasa. Shi ya sa mijin da zai bar wa matarsa kadadar wake ba tare da tunani ba zai yi dogon nazari kafin ya bar mata bishiya hamsin.

Amma an yi, kuma ba da faɗa ba. A ƙungiyar Kabng'etuny da ke yankin Kericho a Kenya, an shawo kan magidanta suka mallaka wa matansu wani kaso na bishiyoyinsu. Matan suka sami lambar kansu da asusun kansu, suka shiga horaswa, har suka fitar da gahawarsu da sunan Zawadi. Ƙasar ba ta bar gidan ba, gayauna ce kawai aka yanka a cikin gandu. A Bukonzo kuwa hanyar da aka bi ta fi ba ni sha'awa. Da yake da yawa ba su yi karatu ba, sai aka ba miji da mata takarda da alƙalami su zana bishiya: a saiwoyi kowa ya zana aikin da yake yi, a rassa kowa ya zana inda kuɗi ke tafiya. Magidanci ya ga da idonsa bishiyar gidansa ta karkace, saiwa ta yi nauyi a gefe ɗaya, rassa sun yi nauyi a ɗaya gefen. Babu baƙon da ya yi masa wa'azi. Daga nan wasu gidaje suka fara tsara kuɗin kaka tare, wasu suka je aka rubuta gona da sunan su biyun. Da tsoron juna ya ragu, aka bar 'ya'yan suka nuna, gahawar ta gyaru, ƙungiyar ta fara sayarwa kai tsaye ga masu saye na ƙetare. Mata su ne mafi yawan 'yan ƙungiyar, kuma shugabancinsu a can ya tsiro ne daga kayan da suke kai wa ma'auni.

Don haka ni ina tare da masu goyon baya, amma da jerin da masu adawa suka tilasta mini na gyara. Bishiya da lamba tukuna, da rage wahalar ruwa da itace don a sami lokacin zuwa taro, da shigar da maigida cikin maganar tun ranar farko. Kujera ta biyo baya. Maganar farashi kuma a ci gaba da ita da ƙarfi, kada a bari kamfani ya fanshi kansa da hoto.

Akwai dalilin da ya sa abin ke da gaggawa yanzu. A 2023 Tarayyar Turai, babbar kasuwar gahawa ta duniya, ta kafa dokar hana shigo da kayan da aka sare daji don nomansu bayan ƙarshen 2020. An ɗaga ranar fara aiki da ita, amma sharaɗinta na nan: kowane buhu sai an nuna ainihin gonar da ya fito. Saboda haka ma'aikata na bin tsaunukan Sidama da Jimma da Ruwenzori da waya a hannu, suna ɗaukar taswirar gonaki ɗaya bayan ɗaya, gonakin da da yawansu ba a taɓa rubuta su a wani littafi ba. A kowace gona akwai gurbin suna da za a cike, kuma wannan rajistar ce masu saye da masu ba da bashi za su riƙa dubawa shekaru masu zuwa. Ma'aikacin yakan iso da hantsi, ya tarar da matar a cikin bishiyoyi da kwando, ya gaishe ta, sannan ya tambaye ta sunan mai gonar.